Masu wuni a kan kwamfuta: yaya kuka yi da ciwon wuyan hannu da yatsu?

Mai shagon buga takardu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata buga takardu ce, kuma idan lokacin da ɗalibai ke kawo kundin kammala karatu ya zo, nakan wuni ina bugu har dare. Tun kwanakin baya babban yatsana da manuniya da na tsakiya suke sagewa, musamman cikin dare, har abin ya tashe ni daga barci, sai na yi ta yarfe hannun kafin ya saki. Wasu sun ce sanyi ne, wasu sun ce in je wurin mai ɗori. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa mana abin da ya yi masa amfani.

Tsohuwar sakatariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka kwatanta shi ne ya same ni, kuma likitan da ya duba ni ya fara ne da tambayar ko ƙaramin yatsana ma yana sagewa. Da na ce a'a, sai ya yi mini bayani cewa akwai wata jijiya da ke ratsa wata matsattsiyar kafa a wuyan hannu, ita ke kai ji ga waɗannan yatsu uku da rabin na huɗu, shi kuwa ƙaramin jijiyarsa daban ce. Idan wurin ya kumbura, ko aka daɗe da hannu a lanƙwashe, sai jijiyar ta danne. Babu karaya balle targaɗe, saboda haka ɗori ba maganinsa ba ne, ja da murzawa ma na iya ƙara fusata wurin. An ba ni wani abin ɗaure wuyan hannu mai ƙarfe a ciki da nake sawa idan zan kwanta, domin mutum yakan naɗe hannunsa cikin barci bai sani ba, kuma shi ya fara dawo mini da barcina. An kuma auna mini suga, saboda ciwon suga da juna biyu suna cikin abubuwan da ke jawo wannan matsala.

Mai zanen gine-gine:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ni nawa a gwiwar hannu da kafaɗa ya tsaya, kuma linzamin kwamfuta, wato mouse, ne sila. Teburina ya yi tsayi, kujerata ta yi ƙasa, linzamin kuma yana can nesa, don haka kullum hannuna a miƙe yake kafaɗata a ɗage. A sashen gashin ƙashi na asibiti aka nuna mini in zauna yadda gwiwar hannuna za ta lanƙwashe digiri 90 kusa da jikina, tafin ƙafata ya taka ƙasa, saman fuskar kwamfutar kuma ya yi daidai da idona. Ban sayi wani abu mai tsada ba. Kafinta ya rage ƙafafun teburin, na ɗora laftof ɗina a kan littattafai, na haɗa mata kibod da linzami na daban. Wannan na ƙarshe ina ganin ya zama dole ga duk mai wuni a kan laftof, domin idan fuskarta ta yi daidai da ido to madannanta sun yi sama, idan kuwa madannan sun yi daidai to wuya ne zai sunkuya.

Malamin makaranta:
Ciwon ya girmi kwamfuta, domin wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta tun a 1713 cewa magatakarda suna kamuwa da ciwo saboda dogon zama da maimaita motsi guda da hannu. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne gajeren hutu akai-akai. Duk bayan kamar minti 30 nakan cire hannu daga kibod, in miƙe tsaye, in sake kafaɗuna, in buɗe yatsu in rufe a hankali. Tashi sallar azahar da la'asar na taimakawa, amma tazarar da ke tsakani ta yi wa hannu yawa. Kuma hutun ba ya zama hutu idan wayar salula aka ɗauka ana latsawa da babban yatsan nan da ya gaji.

Ma'aikaciyar jinya:
Abin da ke damuna, ɗan'uwa, shi ne yadda na ga abokan aiki suna sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis suna sha kullum don su ci gaba da bugu. Zafin yakan lafa, amma dannewar tana nan, kuma daɗewa ana shan waɗannan magunguna na iya taɓa ciki da ƙoda. Idan sagewar ta daina tafiya da rana, ko kofi ya fara suɓuce maka, ko ka ga tsokar gindin babban yatsa tana ramewa, kada ka jira a gama kakar aiki. Akwai gwajin da ke auna saurin tafiyar saƙo a jijiyar, akwai allura, akwai kuma ƙaramar tiyata da ke buɗe mata hanya, amma jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take komawa yadda take ba.

Mai shagon buga takardu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na duba, ƙaramin yatsana lafiyarsa lau, kamar yadda Hajiya ta faɗa. Zan je asibiti cikin makon nan in sha Allah, kuma na riga na raba aikin bugun da yaron shagona.