Wai me za mu ce wa "puce" da Hausa?

Ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'ar nan ta Maradi ya ce wa Inna yana son ya zama injiniyan da ke zana "pus". Ta aje ludayi ta ce: "Yo ɗan nan, duk karatun ga, layin salula za ka saida?" Da gaskiyarta, mu nan in ka ce pus, katin waya ake ji. Da Faransanci kuwa asalin kalmar ƙuma ce.

Abin da yake nufi shi ne circuit intégré, ɗan baƙin abun nan mai ƙafafu da masu gyaran salula ke hura wa iska mai zafi su ɗaga da ɗan hantsaki. Waɗanda suka koyo sana'a a Kano ayisi suke ce masa. Jack Kilby ya haɗa na farko a 1958 a kamfanin Texas Instruments na Amurka. Ayisin Intel 4004 na 1971 taransista (ƙananan makunnai masu buɗe wa wuta hanya su rufe) 2,300 ke cikinsa, M1 na Apple na 2020 kuwa biliyan 16.

Wajen neman sunansa da Hausa, wani ya kawo "ƙwaƙwalwar na'ura". Bai ci ba, don wani ayisin cajin batir kawai yake kula da shi. Wani ya ce "ƙwayar lantarki". Ta yi daɗin baki, amma je ka ce wa surukai sana'arka haɗa ƙwaya ka gani!

Ni dai aikin na duba. Injiniyan ba ya taɓa dalma ko ƙarfen walda. A kwamfuta yake rubuta yadda wuta za ta bi, da yare irin Verilog ko VHDL. Wani ya bi bayansa yana neman kuskure, kuma wannan sana'a ce mai zaman kanta, don in an riga an buga, babu gyara sai sabon zubi. Na uku ya shimfiɗa hanyoyin hawa-hawa, wannan ta bi ta saman waccan ba tare da sun taɓa juna ba. Sannan a aika wa masana'anta irin TSMC ta Taiwan ta buga a kan silikon. Haka kamfanin MediaTek ke yi, wanda ayisinsa ke cikin Tecno da yawa a hannunmu.

Zare kan zare, da tsari tun kafin a fara: ai saƙa ke nan. Shi ya sa na tsaya a kan "saƙar lantarki", mai aikin kuma "masaƙin lantarki". A rumfar gyara a ci gaba da ayisi, ba mai raba su da ita.

Da muka maimaita wa Inna, cewa ta yi: "Au, masaƙi? To ai gado ne, kakanku ma da shi ya aurar da mu."