Shin haihuwa ce maganin goɗiya mai rikici?

Mai goɗiya: Assalamu alaikum. Ina da goɗiya 'yar shekara 5 wadda ko yaro yana iya ɗaura mata sirdi, amma duk bayan mako uku sai ta yi kwana 5 ko 6 tana kwantar da kunne, tana ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan-kaɗan, kuma da an ja majayi sai ta kai harbi. An ce mini in kai ta wurin ingarma, wai da ta haihu sau ɗaya halin zai bar ta har abada. Ina neman shawara.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba. A barga na tashi, kuma na ga goɗiyoyin da ba a kusantar bayansu, amma da suka ɗauki ciki suka yi sanyi har mata na ba su dusa da hannu. Abin da jikinta ke nema ke nan, don me za ka hana ta?

Likitan dabbobi: Baba, Allah ya ƙara girma, abin da kuka gani gaskiya ne, sai dai natsuwar ta ciki ce, ba ta har abada ba. Halin da wannan goɗiya ke nunawa duk bayan mako uku na lokacin neman barbara ne. Goɗiya tana ɗaukar ciki kimanin wata 11, kuma yawanci kafin ɗanta ya cika mako biyu ta sake neman barbara, daga baya zagayen kwana 21 ya dawo yadda yake. Wanda ya yi mata barbara don gyaran hali kawai, ya ƙara wa kansa ciyar da dukushi ne, halin kuwa yana nan.

Ɗan wasan polo: Ina tare da Likita. Yawancin dabbobin da muke hawa goɗiyoyi ne, kuma ba ma daina wasa saboda wannan. Ina rubuta ranar da kowacce ta fara, in raba turkenta da na ingarma, in ja majayi a hankali sau biyu ko uku maimakon fizga ɗaya, domin a kwanakin nan wasu ba sa son a taɓa kwiɓinsu. Kilisa mai sauƙi tana taimakawa. Bulala kuwa na daina, tun ranar da na ga tawa tana rawar jiki da ganin sirdi kawai.

Dattijo: A kan duka ba mu da saɓani, dabba amana ce. Amma har yanzu ina ganin goɗiyar da ta taɓa shayarwa ta fi hankali, kuma ban yarda da magungunan da kuke ɗura musu ba.

Likitan dabbobi: Baba, ni ma ba na farawa da magani. Akwai wani magani mai suna altrenogest da ke danne wannan yanayi na neman barbara, amma sai da likita, da safar hannu, kuma mace mai ciki kada ta taɓa shi. Abin da ya fi damuna shi ne goɗiyar da faɗanta ba ya yankewa, ko take hawan 'yan uwanta kamar ingarma, domin wannan yana iya zama ƙari a ƙwan haihuwa, kuma sai an duba cikinta da na'ura.

Mai goɗiya: Na gode ƙwarai. Tawa tana dawowa daidai bayan mako ɗaya, amma turkenta taku huɗu ne kawai daga na ingarman maƙwabcina. Yau da yamma zan mayar da ita bayan gida, in fara rubuta kwanakin.