Bayan yajin aikin 2022, yaya jami'arku ta tsara komawa karatu?

Ɗan Funtua:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Duk mun sha zaman gida, amma da aka koma sai bambancin shiri ya fito fili. A jami'armu, ɗaliban da aka ɗauka a shekara biyu aka cusa a aji ɗaya. In ba ka yi sammako daga masallacin asuba ba, ta taga za ka saurari darasi.

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ni ina koyarwa a sashen sinadarai. Da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, aka gina mana ɗakin gwaje-gwaje, gini na gani na faɗa. Sai dai a kasafin jami'a ba wanda ya tuna da kuɗin dizal, ba kuma wanda ya nemi a ɗauki ma'aikacin da zai kula da na'urorin. Suna nan cikin kwalaye, yarana kuwa a takarda suke zana gwajin da ya kamata su yi da hannunsu. Wallahi abin yana damuna, domin wasunsu gobe su za su koyar a sakandare.

Bakatsine:
Namu ya fi ciwo. Saura mako biyu tawagar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta zo tantance kwas ɗinmu, aka aro littattafai da kwamfutoci daga wani sashe. Baƙi na juya baya, kaya suka koma gidansu.

Yayar Aisha:
Gaskiya mu mun dace. Tun makon farko majalisar jami'a ta fitar da jadawalin zango uku a jere, ta rage hutu, ta raba manyan azuzuwa gida biyu, safe da yamma. Mun jigata ƙwarai, har Asabar muna aji, amma sakamakon jarrabawa bai makara ba, sunana ya shiga jerin masu tafiya bautar ƙasa (NYSC) a kan kari.

Ɗan Funtua:
Malama, Allah ya ƙara haƙuri. Har yanzu ba a buɗe na'urorin ba?

Maman Hanifa:
An buɗe biyu bara, da aka sa mana sola. Sauran muna ta rubuta takarda.