Ranar da aka tambaye ku dalilin begenku, me kuka ce?

Ƙanwarku cikin Ubangiji:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Wani abu ya same ni makon jiya, har yanzu ya ƙi barin raina, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Mahaifina ya yi wata 8 a kwance, ciwon ƙoda. Daga wurin aiki sai asibiti, daga asibiti sai gida, gari ya waye a sake. Akwai abokiyar aikina da teburinta ke kusa da nawa, shekara 3 muna tare, ba mu taɓa yin maganar bangaskiya ba. Ranar Laraba muka rage mu biyu, sai ta ajiye abin da take yi ta ce, "Don Allah in tambaye ki. Me ke riƙe da ke? Da ni ce da tuni na zube." Idonta cike da hawaye ta yi tambayar. Daga baya na ji ashe aurenta ne ke tangal-tangal.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sai godiya." Shi ke nan. Ta gyaɗa kai, ta koma kan aikinta. Ni da nake rera waƙar bege kowace Lahadi, aka buɗe mini ƙofa, na kasa shiga. Ina roƙon duk wanda ya taɓa tsintar kansa a irin wannan hali ya gaya mini yadda ta kaya. Ba wa'azi nake nema ba, abin da ya faru da ku nake so in ji.

Ma'aikaciyar jinya:

Ƙanwata, kada ki tsananta wa kanki. Ke shiru kika yi, ni kuwa gaggawar magana ce ta ja mini nadama.

A shekarata ta biyu da fara aiki, ina aikin dare, wata mata ta rasa jaririnta kwana 2 da haihuwa. Na shiga duba ta wajen ƙarfe 3, na same ta zaune tana kallon zanen da aka naɗe shi da shi. Ta ɗago ta ce, "Ke da kike da Allah, gaya mini, me ya sa?" Nan take na jawo Romawa 8:28, na ce mata kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Ayar gaskiya ce, ba ni da shakka a kanta har gobe. Amma matar ta juya fuskarta bango, ba ta sake yi mini magana ba har aka sallame ta. Na ɗauki magani mai kyau na zuba a kan ɗanyen rauni ba tare da na wanke shi ba.

Bayan haka ne na koma littafin Ayuba. Abokansa uku sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 dare da rana, ba wanda ya ce uffan, don sun ga baƙin cikinsa ya yi yawa. Sai da suka buɗe baki suna yi masa bayanin dalilin wahalarsa al'amari ya lalace, har a sura ta 42 Allah ya tsauta musu. Ga kuma Yesu a Betanya. Ya san zai ta da Li'azaru daga kabari cikin ɗan lokaci, duk da haka da ya ga Maryamu, 'yar'uwar Li'azaru, tana kuka, shi ma ya yi kuka.

Shekaru bayan nan wani dattijo mai ciwon daji ya yi mini kusan tambaya iri ɗaya. Na jawo kujera na zauna. Na ce, "Baba, ban san me ya sa ba. Abin da na sani, Allahn da nake bi ya san zafin ciwo a jikinsa, an gicciye shi, ya mutu, ya kuma tashi. Shi ya sa mutuwa ba ta ba ni tsoro kamar dā." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in ƙara faɗa masa waccan maganar ta tashi daga matattu. Dare huɗu muna wannan hira, bayan na gama zagayen ba da magani. Shi yake kira, ni ban taɓa tilasta masa ba, don mara lafiya a gado ba shi da ƙarfin cewa a'a, kuma bai kamata a ci wannan damar a kansa ba.

Direban babbar mota:

Nawa laifin gardama ce. Ina da abokin tafiya, shekara 6 muna mota ɗaya. Duk doguwar hanya sai mun taɓa maganar addini, ni kuwa na haddace ayoyi, duk inda ya ɓullo sai na tare shi. Ina ganin aikin Allah nake yi. Wata rana ya ce, "Kai kullum kana so ka kayar da ni ne, ba ka taɓa tambayata yadda yarana suke ba." Maganar ta shige ni ƙwarai, don a lokacin ɗansa na fari yana fama da farfaɗiya, ni ban ma sani ba.

Na nemi gafararsa. Na daina gardamar gaba ɗaya. Da yaron ya sake faɗuwa, ni na kai su asibiti da tsakar dare. A bakin ƙofar ɗakin ne ya ce, "Yi mana addu'a irin taku." Wannan ne karo na farko da na ambaci sunan Yesu a gabansa ba tare da ina neman cin nasara ba.

Malamin makarantar Lahadi:

'Yar'uwa, tambayarki ta fito ne kai tsaye daga 1 Bitrus 3:15, inda aka ce mu zauna a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambayi dalilin begen da ke cikinmu, amma da tawali'u da bangirma. Abu biyu ke ƙarfafa ni a nan. Wasiƙar an aika ta ne ga masu bi da ke warwatse a Fantus, Galatiya, Kafadokiya, Asiya da Bitiniya, wato ƙasar Turkiyya ta yau, mutanen da ke shan tsanani. Begensu a cikin wahala aka gani har aka yi tambaya, kamar yadda aka ga naki. Na biyu, dubi wanda sunansa ke kan wasiƙar. Bitrus ne, wanda wata baranya ta tambaye shi a farfajiyar babban firist ko yana tare da Yesu, ya ce bai san shi ba, har sau 3. Wanda bakinsa ya taɓa mutuwa a lokacin tambaya shi ne ke ce mana mu shirya. Ni ma na taɓa yin shiru a gaban surukina, sai bayan wata 5 na samu ƙarfin komawa.

Mai bishara:

Na ji daɗin duk abin da aka faɗa, amma bari in ja kunne kaɗan. Ina jin tsoron kada mu fake da "halina zai yi magana" har mu mutu ba mu ambaci sunan Yesu ba. Mutanen kirki suna ko'ina, cikin masu bi da waɗanda ba masu bi ba. In kin yi wa abokiyar aikinki kirki shekara 10 ba ki faɗi daga ina ya fito ba, ke za ta yaba, ba Ubangiji ba. Bulus ya tambaya a Romawa 10:14, yaya za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba? Ni kaina na yi maƙwabtaka da wani bawan Allah shekara 4 ina jiran lokacin da ya dace, har ya tashi ya bar unguwar. Ban sake ganinsa ba.

Ma'aikaciyar jinya:

Gaskiyarka, Baba. Ban ce a yi shiru ba. Dattijon nan sai da na faɗa masa gicciye da tashin matattu da bakina. Abin da nake cewa, kunne ya riga baki.

Mai bishara:

A nan mun haɗu, ɗiyata.

Ɗalibin shekarar ƙarshe:

Ni ta ɗaya gefen zan ba da labari, don ni aka yi wa shaidar.

Na taso a gidan masu bi, amma ina shiga jami'a na watsar da kome. Na shiga shaye-shaye, na faɗi jarrabawa, aka maimaita mini shekara. Kunya ta hana ni gaya wa iyayena. Akwai daren da na yanke shawarar cewa rayuwata ba ta da sauran amfani. Abokin ɗakina ya lura, ya ƙi barina ni kaɗai, ya zauna a bakin gadona har asuba. Washegari da kansa ya raka ni wurin likita, kuma ina faɗin wannan da gangan, domin duk wanda ya ga ɗan'uwansa a irin wannan hali, addu'a da asibiti tare suke tafiya.

Kwanaki bayan haka ni na tambaye shi me ya sa ya damu da ni, alhali na sha zaginsa saboda tashin da yake yi da sassafe yana addu'a. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce shi ma akwai lokacin da ya tsani kansa, sai ya ci karo da Romawa 5:8, cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ya ce, "Ba sai ka gyaru Allah zai ƙaunace ka ba. Ya riga ya yi." Duk rayuwata ina ɗauka sai na wanke kaina tukuna zan iya komawa. Ya karanta mini labarin ɗan nan da ya ɓace a Luka 15, ya tsaya a inda uban ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa a guje. Na sha jin labarin tun ina yaro, ban taɓa lura cewa uban ne ya yi gudun ba.

Yaya, abin da abokiyar aikinki ke nema ba ilimin tauhidi ba ne. Mutumin da aka haifa makaho a Yohanna 9, da malamai suka tsare shi da tambayoyi, cewa ya yi abu ɗaya ya sani, dā makaho ne, yanzu yana gani. Ke ma kina da abu ɗaya da kika sani.

Mama mai jikoki:

'Ya'yana, bari tsohuwa ta sa baki, don kada a ɗauka kowane labari yana ƙarewa da murna.

Ɗana na biyu ya bar bangaskiya shekara 19 ke nan. Mutumin kirki ne, yana kula da ni fiye da kowa. Na yi masa magana da kuka, na yi da faɗa, na tura masa fastoci. Wata rana ya durƙusa a gabana ya ce, "Mama, in kina so in riƙa zuwa gaishe ki da farin ciki, ki bar wannan maganar." Na yi kwana 3 ina kuka, sannan na ce masa na bari. Na riƙe alkawarina. Amma na gaya masa abu ɗaya ba zan bari ba, wato ambaton sunansa a gaban Ubangiji kowace safiya. Ya ce wannan ba zai hana ni ba.

Wani fasto ya ba ni labarin Monika, mahaifiyar Agustin, 'yan Arewacin Afirka, inda ƙasar Aljeriya take a yau. Ta yi shekaru tana kuka a kan ɗanta, har ta bi shi ƙetaren teku zuwa Italiya. An yi masa baftisma a birnin Milan a shekara ta 387, yana da shekara 32, ita kuwa ta rasu a cikin shekarar. Daga baya ya zama bishop na birnin Hippo, ikilisiya tana karanta rubuce-rubucensa har yau. Ita ta gani da idonta kafin ta tafi. Ni ban sani ba ko zan gani. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi banruwa, Allah ne ya sa ya girma. Na shuka tun yana goye a bayana. Ƙaunar da nake yi masa ba ta jiran ya dawo, kuma na tabbata ta Allah ta fi tawa.

Bara da aka yi mini aikin ido, ina farfaɗowa na ji shi a gefen gado yana rera waƙar da nake yi musu suna yara, a hankali, yana tsammani barci nake. Ban buɗe ido ba, ban kuma taɓa gaya masa na ji ba.

Wata 'yar'uwa:

Mama, kin sa ni hawaye. Tawa gajeriya ce. Na gaya wa aminiyata abin da Yesu ya yi mini, ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gode amma ita tana nan a kan abin da ta gaskata. Na ce na ji. Yau shekara 12, amincinmu bai ragu ba, ita ce ta kwana da ni ranar da mijina ya rasu. Da na yi zumunci da ita don in jawo ta ne kawai, da ranar da ta ce a'a na watsar da ita, da kuma ta gane cewa ƙaunar tawa tarko ce.

Ƙanwarku cikin Ubangiji:

Na gode, iyayena da yayyena da ƙannena. Na karanta kowanne fiye da sau ɗaya.

Jiya bayan an tashi aiki na tsaya a teburinta. Gabana yana faɗuwa. Na ce, "Ranar nan kin yi mini tambaya, ban ba ki amsa ta gaskiya ba." Na gaya mata ni ma ina zubewa, akwai daren da nake kuka a bayan ɗakin da ake wa Baba wankin ƙoda, ina ce wa Yesu na gaskata, ya taimaki rashin bangaskiyata. Na ce abin da ke ta da ni shi ne na san ba ni kaɗai ba ce a wurin, kuma ko Baba ya tashi ko bai tashi ba, kabari ba shi ne ƙarshensa ba, domin Yesu ya fito daga nasa. Ban fi minti 2 ina magana ba. Sai na tambaye ta, "Ke fa, yaya gida?"

Ta yi kusan awa ɗaya tana magana, ni ina ji. Da za mu rabu na tambaye ta ko ta yarda in riƙa sa ta a addu'a. Ta ce in sa har da yaranta biyu, ta faɗa mini sunayensu, na rubuta a bayan katin asibitin Baba. Ta ce ranar Asabar za ta bi ni ta gaishe shi.