Dusar shinkafa a abincin buroila: kilo nawa a buhu?

Mai Kiwon Kaji:
Assalamu alaikum. Masara ta yi tsada, ga dusar shinkafa kuwa jibge a bakin injinan Kura. Kilo nawa za a iya zubawa a haɗin kilo 100 na buroila ba tare da girmansu ya tsaya ba?

Ɗan Injin:
Wa alaikumus salam. Malam, fara tantance abin da za ka saya, don suna ɗaya ake kiran abu biyu da shi. Babban inji yana cire ɓuntu daban, sannan ya goge ƙwayar ya fitar da dusa zalla, mai laushi da maiƙo, furotin ɗinta kusan 12 cikin 100. Ƙaramin injin unguwa kuwa tare yake watso su, ɓuntu da dusa a gauraye, furotin bai fi 5 zuwa 6 ba, yawancinta ƙaiƙayi ne. Ɓuntu ba abinci ba ne. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce mai kamar yashi, kaza ta cika ƙundu da shi, nama kuwa babu. Murza a tafin hannu: in ta yi kaushi tana sukar fata, bar musu kayansu. Ko ka zuba cikin kofin ruwa, ɓuntun zai taso sama.

Hajiya Mai Buroila:
In zalla ce, 'yan tsaki kada ta wuce kilo 5 har su cika sati uku, hanjinsu bai yi ƙwari ba. Daga sati huɗu a kai 10 zuwa 15. Ga haɗin satuttukan ƙarshe, a kilo: masara 52, dusa 12, tunkuzar waken soya 30, garin ƙashi 2.5, farar ƙasa 1, mai 1.5, gishiri 0.3, firimis (haɗin bitamin da ma'adinai) 0.25, sai laisin 0.2 da metiyonin 0.25 (sinadaran gina jiki). Furotin zai tsaya wajen 19. An haura 20 na dusa sai ka ga kashi ya yi ruwa-ruwa, shimfiɗa ta jiƙe, suna ci ba sa nauyi.

Likitan Dabbobi:
Hajiya ta yi daidai, amma a kula da ajiya. Dusar ɗanyar shinkafa tana ɗauke da sinadarin da ke ɓata man cikinta tun daga ranar da aka cashe ta. Cikin zafin bazara, 'yan kwanaki sun isa ta fara ɗaci da warin tsohon mai, kaji su ƙi ci, bitamin E da ke cikin haɗin ma ya lalace. Ta shinkafar da aka turara ta fi jurewa, domin tururi ya riga ya kashe sinadarin. Sai dai a tabbata ta bushe ƙayau, in ba haka ba fumfuna. A sayi ta sati biyu kawai, a ɗora buhu kan katako.

Sannan yawancin fosfaras ɗinta a ɗaure yake, kaza ba ta amfana da shi, har yana riƙe kalsiyam. Shi ya sa ƙafa ke lanƙwashewa in an rage garin ƙashi. A sa fitas, wato sinadarin da ke kwance fosfaras ɗin, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledarsa.

Ɗan Injin:
Kada a manta da tsakin shinkafa. Ƙarfinsa dab da na masara yake, zai iya maye rabinta. Ƙafafun kajin ne kawai za su yi fari, masu saye kuwa rawaya suke dubawa.