Na biya kafin alƙalamin zanen tatu, yanzu kuma tsoro ya kama ni

Mai tambaya:
Barkanku da dare ƴan uwa. Anti Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai ƴan cocinmu a nan.

Mamata ta rasu bara da damina. Ni na yi jinyarta tun farko har ƙarshe, ni ke kwana da ita a asibiti, ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Yayyena maza biyu suna Abuja, nasu sai kiran waya da "yaya mai jiki". Da aka zo rabon kaya matar babban yayanmu ta kwashe zannuwa, har da sarƙar da Mama ta faɗa a gaban mutane cewa tawa ce. Ban ce uffan ba saboda Baba yana da hawan jini. Hotonta ma da ke falo an ɗauke wai za a wanko wani, har yau shiru. Abin da ya rage mini kawai sunana da ta rubuta da hannunta a bangon Littafi Mai Tsarkinta. Shi ne na ce a zana mini wannan rubutun a saman ƙirjina ta hagu, inda ba mai iya kwashewa.

Ƙawata ta kai ni wani shago a Barnawa, nan Kaduna. Wurin fes a ido, yaron kuma da fara'a. Ya ce N40,000, na ba da N15,000, ranar Asabar za a yi. Bikina saura mako uku, kuma so nake zanen ya fito a hoto. Jiya wata a wurin aiki ta ce ta haka ake ɗaukar ciwon hanta, tun lokacin ban runtsa ba. Da gaske ne? Zai warke kafin biki? Me zan tambaye shi ba tare da ya ga kamar na raina sana'arsa ba? Don Allah ba wa'azi na zo nema ba.

Maman Biyu:
Allah ya ji ƙan Mama. Matan yayye sai haƙuri. Ni tawa tun ba a yi bakwai ba ta aiko mota ta kwashe firij da tukwanen suyar da mahaifiyarmu ke ba da haya, yanzu kuma ita ke gaba-gaba a taron dangi tana matsar hawaye. Ki bar ta da Allah ƙanwata. Tatu kam ban san komai a kai ba.

Anti Nas, Kakuri:
Ƙanwata, sannu da rashi. Abokiyar aikinki ba ƙarya ta yi ba. Zanen nan allura ce ke huda fata sau dubbai tana ajiye tawada a ƙasan fatar sama, kuma jini na fita. Duk inda jini ya fita aka maimaita kayan aiki, ciwon hanta nau'in B da nau'in C da ƙanjamau na iya ratsowa. Kowa ƙanjamau yake tsoro, amma nau'in B ya fi saurin kama mutum nesa ba kusa ba, ƙwayarsa na yin kwana 7 da ranta a busasshen jini a kan tebur.

"Fes a ido" ba ya gaya mini komai. Ki koma kafin Asabar, ki zauna ki kalli yadda yake yi wa wani. Allurar dole ta fito daga cikin ledarta a rufe, ya yage a gabanki, in ya gama ya jefa ta cikin kwalin zubar da allurai irin na asibiti. Tawada kuma a nan mutane ke faɗawa: allura sabuwa ce, amma ana tsoma ta cikin kwalbar da aka tsoma ta wani. Ya tsiyaya miki taki a ɗan ƙaramin kofi, abin da ya rage a zubar. Rezar aske wurin sabuwa. Safar hannu sabuwa, in ya ɗauki waya da ita ya canza. Duk wani ƙarfe da ake maimaitawa sai an turara shi a na'urar da ke kai zafi digiri 121, irin wadda muke da ita a tiyata. In ya nuna miki sifirit da auduga ya ce da su yake wankewa, ki ɗauki jakarki. Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin tambaya, da kansa ma zai janyo ki ya nuna miki.

Sannan shekarunki nawa? Sai a 2004 aka saka rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran jarirai a Najeriya. In kafin nan aka haife ki, mai yiwuwa ba a yi miki rigakafin ba. Allura uku ce: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Ki je asibitin Barau Dikko ko St. Gerard a gwada ki tukuna.

Hajiya, Unguwar Rimi:
Ƴata, na ji kin ce ba kya son wa'azi, zan taƙaita. Mu a wurinmu hadisi ya zo a Bukhari da Muslim da tsinuwa ga mai yin jarfa da wadda ake yi wa, na faɗa ne saboda ƴaƴanmu Musulmi da ke karantawa. Ke kuma shawarata ta uwa: ki kai rubutun wurin mai lalle ta zana miki da baƙin lalle ranar biki. Zai fito ras a hoto, mako biyu ya goge. In har ranki na so bayan nan, kin ga kin gwada.

Anti Nas, Kakuri:
Hajiya a gafarce ni, jan lalle na yarda, baƙi kuwa a'a. Yawancinsa rinin gashi ne a ciki, sinadarin PPD. Amare nawa muka karɓa hannu ya yi bororo kamar an watsa musu tafasasshen mai, zanen furen ya zama tabo. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ko rinin kai ta shafa daga baya sai ya tashi.

Hajiya, Unguwar Rimi:
Ƴaƴa huɗu na aurar, duk da baƙin lalle, ba wadda ta yi ko ƙurji. Ku ma'aikatan asibiti komai cuta ne a wurinku.

Ƴar Narayi:
Sis kada su tsorata ki. Uku ne a jikina, lafiyata ƙalau. Zafin ba wani abu ba ne, sai in allura ta hau kan ƙashi, nan kam za ki kira sunan Yesu. Ki ci abinci ki ƙoshi kafin ki je. Bayan an gama ki dinga lafta Vaseline, kwana biyar ya warke. Ni har wanka na shiga a otel cikin makon.

Anti Nas, Kakuri:
Kwana biyar ina? Fatar sama kaɗai mako 2 zuwa 4 take ɗauka, ta ciki ta fi haka. A mako na biyu ne yake ƙaiƙayi yana saɓa, ɓawo na zuba. Ga hunturu ya shigo, fata na bushewa, ƙura ko'ina. Amarya kuma da gyaran jiki: dilka, halawa, turare, ga leshi mai kaushi yana gogar wurin. Ba ɗaya daga cikinsu da ya kamata ya taɓa sabon zane. Lafta Vaseline toshe ciwon yake, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi, a shafa mai kaɗan-kaɗan. Ba a jiƙa shi cikin kwamin wanka, ba a sosawa, ba a ɓare ɓawon, ba a shanya shi a rana. Kada ki sha asfirin ko giya kafin ki je, jini zai yi ta zuba. Ke ƴar Narayi sa'a kika ci, kada ki mai da ita shawara.

Mai tambaya:
Na gode muku. Hajiya na gode, amma abin da zai goge ba shi nake nema ba, an riga an goge mini komai nata. Anti Nas shekaruna 27. Yaron nan fa ba irin na bakin titi ba ne, yana da mabiya da yawa a Instagram, ƙawata ma shi ya yi mata kuma ba abin da ya same ta. Ɗan rubutu ne bai kai tsawon yatsa ba, ina ga zai warke da wuri. Gyaran jiki kuma zan ce a tsallake wurin.

Anti Nas, Kakuri:
Mabiya ba sa turara allura. Ƙawarki ta yi gwaji? Ciwon hanta na shekaru a jiki mutum bai sani ba. Bari in yi miki tambayoyin da ya kamata shi ya yi miki kafin ya karɓi kuɗinki. Kina da ciwon suga? Akwai yiwuwar ciki? Kin taɓa jin ciwo ko huda kunne wurin ya tashi ya yi tudu mai tauri?

Mai tambaya:
Ba suga, ba ciki. Kunne kam akwai ɗan ƙullutu a bayan na dama tun da na yi huda ta biyu ina makarantar kwana, amma wannan laifin mai hudar ne, da ƙaya ta yi. Mama ma tana da irinsa a kafaɗa wurin lamba, bai taɓa damunta ba.

Anti Nas, Kakuri:
Innalillahi. Wannan ai shi ya kamata ki fara faɗa, kika tsaya ba mu labarin sarƙa. Kiloid ke nan, tabon da ke girma ya wuce iyakar ciwon. Ya fi kama mu baƙaƙen fata, yana bin jini, ga shi Mama na da shi. Wuraren da ya fi so kuwa kunne, kafaɗa, saman baya da ƙirji, daidai inda kika zaɓa. Ko allurar daga sama ta sauko a rufe, tsabta ba ta hana shi. In ya tashi, rubutun Mama zai nutse cikin tudun nama mai ƙaiƙayi. In an yanke yakan dawo, wani lokaci ya fi na da. Allurai ake yi a cikin tabon wata bayan wata, da zafi da kuɗi. Ban ce lallai zai tashi ba, amma ni ko ƴata ce ba za ta yi ba. Ki ga likitan fata kafin kowa ya taɓa ki.

Mai kanti, Kasuwar Barci:
Ni duk masu allurar kwalliyar nan ban yarda da su ba. Ƙanwar maigidana wani ya yi mata jan leɓe a wani lungu, baki ya kumbura, mako guda sai kunu take zuƙa. Da muka koma ya kulle shago ya canza lamba. Kuma ni aka ɗora wa laifi a gida wai ni na nuna mata, alhali ranar ina Zariya wurin suna. Har yau uwar mijina ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Mama, Sabon Tasha:
Ƴata, ki buɗe wannan littafin na mamarki, Littafin Firistoci 19:28. Maganar tsaga jiki saboda matattu ce a wurin ƙarara. Ni na san irin matan zumunta na zamaninmu, da tana raye ba za ta bari ba.

Ƴar Narayi:
Mama wannan Tsohon Alkawari ne, sura ɗaya ce ta hana sa tufa mai zare iri biyu. A duba leshin da ake sawa ranar Lahadi.

Admin:
A tsaya kan tambaya don Allah. Wadda ta sake jan zancen addini zan cire saƙonta.

Matar soja:
Abin da ba wanda ya tambaya: angon ya sani? Danginsa fa? Sannan ki yi tunanin aiki. Sojan Najeriya ba ya ɗaukar mai zane a jiki, yana cikin sharuɗɗan. Ƙanin mijina a wurin tantancewa aka ce ya tuɓe riga, aka sallame shi saboda ɗan tauraro a damtse. Ya nemi a cire, aka ce sai da na'urar leza, zuwa da yawa, tsakani mako shida ko fiye, kuɗin ya ninka na zanen, kuma a baƙar fata wurin na iya yin fari. Yanzu Keke yake ja a Kawo.

Mai tambaya:
Ni ba soja zan shiga ba. Ango zai gani in lokaci ya yi, jikina ne, uwata ce. Anti Nas na ji maganarki, amma ƙullutun kunnen shekara goma bai ƙaru ba. Na yi wa yaron magana yanzu, ya ce allurarsa da hannun injin duk na yarwa ne, in zo gobe in gani da idona. Na faɗa masa zancen kunne ya ce ya yi wa masu irinsa da yawa ba matsala, hannunsa ba nauyi. Kafin alƙalami kuma ya ce ba a mayarwa, sai dai ya ɗaga mini rana.

Anti Nas, Kakuri:
Wanda aka gaya wa kiloid ya ce "ba matsala" ya gama ba ki amsa. N15,000 ba ta kai kuɗin ganin likita da allurar farko ba in abu ya ɓaci.

Maman Biyu:
Ni dai da za ki ji tawa, ki kai rubutun wurin maƙeran zinari su fitar miki da shi a sarƙa. Amma ki ɓoye ta in matar yayanki za ta zo.

Ƴar Narayi:
Ki karɓi ɗagin ranar ki yi bayan biki, shi ke nan kowa ya huta.

Mai tambaya:
To in na mayar da shi cikin hannu, wajen wuyan hannu, maimakon ƙirji fa? Anti Nas? Can ma yana tashi? Ya ce in ba shi amsa kafin azahar gobe saboda akwai mai son Asabar ɗin.

Amaryar Janairu:
Hajiya don Allah mai lallen da ta yi wa ƴaƴanki tana zuwa gida? Ina Malali.