Na fara sassaƙar lino da girmana, amma rubutuna ya fito a baibai

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, na ajiye aiki bara, ina zaune a Unguwar Dosa. Jikata ce ta jawo mini wannan jidali. Ta nuna mini bidiyon wata mata tana sassaƙa zane a kan wani falle kamar roba da ake kira lino, ta shafa tawada, ta danna takarda, sai ga ganye ya fito raɗau. Na ce ashe sassaƙar ƙwarya ce irin ta Turawa, ai kakata ma ta yi. Washegari na shiga Kasuwar Gumi na ce a ba ni lino, aka yanko mini ledar tsakar ɗaki yadi guda. Na dawo na sa reza. Leda sai yagewa take, na yanke babban yatsa, kuma "Barka da Sallah" da na kwana biyu a kanta ba ta karantuwa sai an kai ta gaban madubi. Maigida har yau dariya yake yi mini. Katin gaisuwa nake son yi kafin babbar sallah. Ina na ɓata?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da yatsa. Mai shago ba cutar ki ya yi ba, abin da ya sani ke nan. Ledar ɗaki roba ce, samanta siriri, ƙasanta taushi, shi ya sa take bin reza tana yagewa. Lino na ainihi, wanda Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila wajen 1860, man wani iri ne da ake kira linsid ake kwaɓawa da garin ɓawon itace, a shimfiɗa a kan saƙa irin ta buhun algarara. Idan an yanka shi ɓantarewa yake yi tsaf, ba ya miƙewa. Wajen masu sayar da kayan zane za ki tambaya, ko ki aiki wani ɗalibin sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wajenmu: mai zanen nan Bruce Onobrakpeya a Zariya ya yi karatu tun 1957, kuma ya yi aiki da lino sosai.

Maganar baibai kuwa, duk abin da aka buga juyewa yake. Ki rubuta a takarda da fensir mai duhu, ki kifa ta a kan linon, ki murza bayanta da cokali. Rubutun zai hau a juye, shi za ki bi. Abin da kika bari shi ke ɗaukar tawada, abin da kika ƙwaƙule shi ke fitowa fari. Amma da ni ne, ba zan fara da haruffa ba. Ki fara da dagi ko ganyen darbejiya.

Mai Sitam T/Wada:
Mama, ajiye rezar nan don Allah. Shekara 11 ina sassaƙa sitam da hannu, ita ta cinye mini yatsu. Samo tsohuwar laima, ƙarafunanta masu kwarmi ne. A Panteka za a yanka miki, a wasa bakin, a sa ƙota. Ki fara gwaji a kan babbar kilinar goge fensir, asararta ba ta ciwo. Hannun da ke riƙe aikin kullum ya zauna a bayan ƙarfe, ki riƙa juya linon maimakon juya wuyan hannu.

Tawada kuma, roƙi ɗan kaɗan ta injin buga takardu, cikin murfin kwalba ma zai kai ki wata. Murza ta da rola a kan gilashi har ki ji tana ɗan cas-cas, idan tana caɓal-caɓal ta yi yawa, za ta cike ramukan. Ta mai ce, tana kai kwana biyu zuwa uku kafin ta bushe, kada ki jera katin a kan juna. Man girki na wanke ta, sai ki bi da sabulu. Tawada mai ruwa kuwa da hunturu tun a kan gilashi take bushewa.

Ɗan Samaru:
Ƙarfen laima na yi, amma yana saurin dakushewa, kuma dakusasshen ƙarfe shi ke zamewa ya sami mutum. In da hali a sayi ƙarafan sassaƙa biyu kawai, mai baki kamar V na layi, mai baki kamar U na share fili. Idan linon ya yi tauri da sanyin safiya, a ɗan shanya shi a rana minti biyar.

Maman Khalifa:
Allah Ya saka da alheri, 'ya'yana. Na gwada dagi a kan kilina da cokalin shayi. Na farko ya jagwalgwale, na huɗu kuwa har maigida ya ce in buga masa a bangon littafin bashin shagonsa. Ledar na shimfiɗa ta a ƙofar kicin. Mai Sitam, laimar tawa mai naɗewa ce, ƙarfenta zai yi, ko sai babba?